Gurbin Hamsatu a Layin Giginya

Bana ruwa ya ƙi sauka, ni kuma na ƙi zama. Mako guda na yi ina fita ƙofar gida ina komawa kamar wadda ta ɗora tukunya a gidan maƙwabta. Jikokina sun ɗauka hadari nake dubawa. Ina duba shi mana, wa ba ya dubawa? Yakan haɗu a gabas da la'asar, ya yi baƙi ƙirin, ya turo mana iska mai ƙanshin ƙasa, sannan ya karkata ya je ya zuba wa mutanen Najeriya. Amma abin da ya hana ni zama daban ne. Zalika, matar jikana Isufu, ta haifi 'ya mace, kuma a daidai wannan lokaci ne 'ya'yan giginya ke faɗowa. Daga tsakar gida ana jin su, tim, sai shiru, can sai wani tim. Duk wanda ya faɗo sai na ji shi a ƙirjina.

A bakin gonarmu, nan gefen Bengu, akwai dogon layin giginya. A tsakiyar layin akwai gurbi guda, faɗin taki goma, babu komai a wurin sai ciyawa. Ni na yi wannan gurbi, da hannuna da 'yar fartanya, 'yan shekaru kafin Nasara su tattara su tafi.

Ni ba 'yar tudu ba ce. A bakin kogi aka haife ni, a Gaya, gidan Sarkawa masu su. Kifi na sani, da banda, da tuƙin jirgi. Hausa ma a kasuwa na tsince ta, shi ya sa da aka kawo ni gidan miji uwar mijina take dariyar bakina tana kirana 'Yar Ruwa. Inna muke ce mata. Gajeruwa ce, ba ta da yawan magana, ni kuwa ga baki ga gaggawa. In ta aike ni, kafin ta gama faɗin saƙon na kai ƙofa, sai in dawo in tambayi sauran.

A gidan akwai abu biyu da ake yi da giginya, ni kuwa a idona duk ɗaya ne. Na farko ramin muruci. Da farkon damina Inna takan tara ƙwallayen giginya ta jera su a wani faffaɗan rami a bayan gida ta rufe. Kowane ƙwallo sai ya tura saiwa ƙasa, ta yi kauri, in sanyi ya shigo a tone a dafa. Wannan na san shi, don a kasuwar Gaya na sha sayen dafaffen muruci a faifai.

Na biyu ban san shi ba. In an yi haihuwa a gidan, Inna takan ƙulle cibiyar jaririn a tsumma in ta faɗi. Idan giginya ta fara zuba sai ta zaɓi ɗa guda lafiyayye mai ƙwallo uku, ta kai ƙarshen layin nan na bakin gona, ta binne shi tare da cibiyar. Ba wani tsafi take yi ba, bisimilla ce kawai. Daga ranar wurin ya zama na yaron, in itacen ya tashi da sunansa ake kiransa. Na tambaye ta yaushe zai yi 'ya'ya, ta ce sai yaron ya yi nasa tukuna. Na ce a raina, mutanen tudu dai ba su da aikin yi.

Ni da Kulu, matar wan mijina, wata ɗaya muka haihu. Ta riga ni da kwana tara, ta samu mace aka sa mata Hamsatu. Ni na samu namiji, ɗan fari, wanda har yau bakina bai saba da sunansa ba. Rana ɗaya Inna ta binne musu, Hamsatu a gaba, nawa a bayanta.

Daminar wannan shekara ta yaudare mu. Ta fara da kyau, gero ya tashi har ya yi ciki, sai ruwa ya ɗauke. Abin da rana ta bari tsuntsaye suka sauko suka raba da mu. Da kaka, dammunan da aka kawo gida ba su kai rabin rumbu ba. Inna ta leƙa ciki ta daɗe, ta sauko, washegari ta canza ƙwaryar awo ta ɗauko ƙarama. Da sanyi aka tone muruci muka ci, muka kai saura kasuwa muka musanya da dawa. Maza suka tafi dallol, kwarin nan mai ƙasar gishiri, wajen masu dafa gishiri suna sara musu itace. Haka muka lallaɓa har bazara.

Bazarar nan giginya ce ta riƙe mu. Zafi ya kai in ka taka ƙasa da tsakar rana sai ka yi rawar da ba ka shirya ba. Tun da asuba ni da Kulu muke fita da goyo, mu tsaya nesa da gindin itatuwa don kada ɗaya ya faɗo wa yaro a ka, in mun ji tim mu ruga. Mu dawo da kwando cike, wuya kamar ya karye. A gasa, a ɓare, a matse jan ruwan nan mai kauri a dama da ɗan gari, a sha. Ƙanshinsa ya kama zannuwanmu, ya kama gashinmu, fitsarin yara ma shi yake yi. Zarensa yana maƙalewa a haƙori, in mun kalli juna ni da Kulu sai dariya. Inna kuwa ba ta bari a yar da ƙwallo ko ɗaya, tana tarawa, da yayyafin farko ta sake cika raminta na bayan gida.

Aka yi ruwan shuka, muka shuka. Kwana goma sha wani abu babu ɗigo, shukar ta ƙone muna kallo. Akwai rumbun da Nasara suka sa kowane gari ya tara hatsi a ciki, ba a buɗe shi sai kumandan, baturen mulki, ya ce daga Gaya. Kafin izini ya zo an yi sintiri har an gaji, da aka buɗe kuma abin da ya iso gidanmu iri ne kawai. Muka sake shukawa. Ranar na ga Inna ta zauna a kan ƙwaryar irin kamar kaza a kan ƙwai, don ta ga yadda muke kallonta.

Sannan giginya ta daina zuba. Shirun nan shi ya fi tsorata ni. Rumbu ya koma sai ƙaiƙayi da kashin ɓera. Maigidana ya ce zai haye Dahome ya nemo garin rogo, lokacin ba a yi gada ba, sai fito. Ya ce kwana bakwai, ya yi wata. Wansa shi kaɗai ya rage a gona, yana noma yana ɗaure ciki da rawani, in ya kai ƙarshen kunya sai ya tsaya ya dafa ƙota har jirin ya wuce.

Marka ta sauka. Ruwa kwana da kwanaki, ba mai ƙarfi ba, irin mai naci. Duniya ta yi kore shar, ko'ina ka duba ganye, ba abin da zai zauna a ciki. Tafasa muke dafawa, da rama, da yaɗiya, a barbaɗa dusa in an samu. Itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika ɗaki, bango yana tsattsafo. Nonona ya janye. Yaron nan ya shekara ɗaya da 'yan watanni, ya fara takawa yana dafa bango, sai ya koma rarrafe, daga nan ya daina rarrafen. Kukansa ma ya zama siriri. Na kasa zama, na kasa kwanciya. In na shiga ɗaki sai in ji waje nake so, in na fita sai in ji kamar ya kira ni. Na buɗe tukwanen da na san babu komai a ciki ya fi sau ashirin a yini.

Sau biyu na ce wa Inna a tone ramin bayan gida. Ta ce, "'Yar Ruwa, wata biyu gare su. Ba su yi komi ba tukuna. Ki yi haƙuri." Haƙuri kuwa shi ne abin da ba a raba da ni ba.

Sai lissafi ya zo mini. Na bayan gida wata biyu, ba su ƙosa ba. To, na bakin gona fa, da suka shekara da ɗoriya a ƙasa? A kogi, kifin da ya daɗe a ruwa shi ne babba. Na ce lalle murucin da ke ƙarƙashin yaran nan ya kai cinyata.

Da hantsi ne, kowa ya tafi fadama cirar shinkafa. Na bar yaron yana barci na ɗauki fartanya. A ƙarshen layi ga su nan a jere, kowane wuri da siraran ganye uku sun leƙo daga ƙasa, in ba ka sani ba ka ce ciyawa ce. Na Hamsatu, da na ɗana. Na tsaya a tsakaninsu. Wannan tsayuwar ita ce ban taɓa faɗa wa kowa ba. Nawa ne ke jin yunwa, nawa zan kai wa, amma ƙafata ta juya ta nufi na 'yar Kulu.

Ƙasar ta yi laushi, duk da haka sai da hannuna ya shige har kafaɗa. Na jawo na farko. Ba komai a jikinsa, ya motse, ya zama zare kamar tsohuwar igiya, duk garin da ke ciki ganyen ya shanye. Da mai hankali ce da ta tsaya nan. Na ce wataƙila wannan ne ya lalace, na tone na biyu. Haka yake. Na tone na uku ina kuka ina zagin giginya da Dandanci, harshenmu na bakin kogi. A ƙasan ramin na ga ɗan guntun tsumma ya ruɓe, na gane na cibiya ne. Na juya na dubi ganye ukun ɗana, ban taɓa su ba. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa don na ga ba abinci a ciki ne na bar su. Ƙarya ce, tun kafin in sara ƙasa na riga na zaɓa.

Na mayar da ƙasa cikin ramin na daddanna, na jefa saiwoyin cikin gero. Ina juyowa na ga Inna tsaye da kwandon ganye a ka. Ta dubi hannuna, taɓo har kafaɗa. Ta dubi wurin. Na jira faɗa, har na shirya amsa. Sai ta sauke kwandon ta ce, "Taho."

Ta kai ni farkon layin, wajen manyan itatuwan da kansu ke cikin hazon ruwa. Ta dafa na farko. "Wagga Gado ce, kakan mijinki. Ban ishe shi ba." Ta matsa. "Wagga Tabawa, ƙanwatai, ga haihuwa ta rasu. Ita ta fi kowa zuba bana, ita kunka sha ke da Kulu." Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana dafawa tana faɗin suna, wanda Nasara suka kai aikin hanya bai komo ba, da wadda aka kai aure Junju, da tagwaye biyu da suka tashi manne da juna. Wasu maza ne ba sa 'ya'ya, ta ce su ake yi wa aski a rufa ɗaki da ganyensu. Ni dai ina biye, ruwa na zuba a kaina. Watanni uku ina tsintar abinci a gindin mutanen nan, ban taɓa tambayar ko su wane ne ba.

Da muka kai ƙarshe ta tsaya gaban ƙasar da na danna. Ta ce, "Na bayan gida na ci ne. Wanga na suna ne. Da kin tambaye ni."

Muka koma gida. Ta ɗauki gatari ta nufi raminta, wanda ta hana ni sau biyu. Ta tone ƙwallaye ta faskara su. A cikin kowanne akwai wani farin abu mai laushi, mai ɗan zaƙi, ban taɓa sanin yana nan ba. Duk ƙwallon da aka fasa murucinsa ya mutu, wato abincin sanyinmu take kashewa, kuma abin da take ta jan lokaci a kansa ke nan. Ta raba biyu daidai, ta ce in kai wa Kulu rabi. Kullum haka, ƙwallo shida, uku uku, har ramin ya ƙare. Da yamma wan mijina ya dawo yana faɗa, wa ya taɓa wurin ɗiyarsa? Inna ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Mugun dawa ne. Na ga sawunai." Aladen daji kuwa a lokacin suna nan da yawa, suna tonon gonaki, ba wanda ya yi musu.

Na roƙe ta a ɓoye mu sake binne wani. Ta ce giginya ta gama zuba, sai baɗi in Allah Ya kai mu.

Maigidana ya dawo da rabin buhun garin rogo, ya rame har ban gane tafiyarsa ba. Ɗana ya farfaɗo. Hamsatu kuwa zawo ya kama ta, ƙafafunta suka kumbura. Gero ya fara fitar da kai, saura kaɗan a fara tumu, ta rasu ranar wata Laraba da azahar, a cinyar uwarta, ina riƙe da ƙwaryar ruwa.

Na sani giginya ba ta riƙe da ran kowa. Kwananta ne ya ƙare, malamai sun faɗa, ni ma na yarda. Yara nawa suka tafi a daminar nan waɗanda ba wanda ya taɓa musu komai? Amma su waɗancan itatuwansu sun tashi. Da bazara ta kewayo na tsinto ɗan giginya mafi girma na kai wa Inna. Ta juya shi a hannu ta miƙo mini abina. "Ba a yi ma wanda ya tahi, 'Yar Ruwa. Mai zuwa aka yi ma." Da aka sake haihuwa a gidan sai ta tsallake wurin ta binne a gaba. Layi ya ci gaba da tafiya, gurbin yana nan.

Ni da Kulu mun yi shekara arba'in da wani abu a gida ɗaya. Turmi ɗaya, murhu ɗaya. Ta yi mini wankan jego sau biyar, ta goya 'ya'yana, ba ta taɓa canza mini fuska ba. In muna noma muka kai gurbin nan sai ta ɗaga fartanya ta kewaye, ni ma in kewaye. A ciwonta na ƙarshe ina ba ta kunu, ta kama hannuna ta ce, "'Yar Ruwa, mugun dawa ba shi maida ƙasa cikin rami." Cokalin ya tsaya a hannuna. Ta ce, "Ba ni kunun, shina hucewa." Na ci gaba da ba ta, bayan kwana uku ta cika.

Yanzu giginyar ɗana ta fi kowace tsawo a wannan ɓangare, shi kansa ya yi furfura. Shekarun baya masu furoje, ma'aikatan shirin raya daji, sun zo a mota da fenti, suka bi itatuwan suna rubuta musu lamba, suka ce a riƙa kula da su don suna tare hamada. Mutanen kirki ne, sun sha ruwa sun yi godiya. Ɗaya ya ce zai kawo dashe a cike gurbin, na ce ya bar mini shi haka. Binne cibiya kuwa an daina tun bayan Inna da Kulu, yanzu a likita ake haihuwa. Kuma duk wanda ya san Hamsatu ya mutu, saura ni.

Shi ya sa na kasa zama. Kwana na biyar da haihuwar Zalika cibiyar jaririyar ta faɗi, na riga kowa na ƙulle ta a bakin zanena. Na kira Isufu, ya zo yana danne-dannen waya.

"Kaka, mi ya hwaru kuma? Kin hana kowa sakat. In miji kike so, ga ni."

"Kai da ba ka iya riƙe ƙota? Zamna. Wane suna za ka sa ma ɗiyar?"

Ya ce sunan uwar Zalika suka shirya. Na ce ina roƙon alfarma, a sa mata Hamsatu.

"Hamsatu wa? Ba mu da Hamsatu cikin danginmu."

Maganar ta soke ni har sai da na dafa ƙasa. Na ce ya tada babur ɗinsa. Ya kai ni bakin gona yana mita. Na fara daga Gado, ina dafawa ina faɗa, a kan lambobin fentin nan. Ya yi dariya da farko, da muka kai kan kakansa ya mayar da wayar aljihu. A gurbin na tsaya na gaya masa duka, har da tsayuwar da na yi tsakanin wurare biyun, har da inda ƙafata ta nufa. Na nuna masa itacen da ke bayan gurbin na ce, wannan ubanka ne, da shi na fara da ban san ko kana nan ba. Ya tada babur muka koma gida. Na ji su da Zalika suna magana ƙasa ƙasa, na fita ƙofa na dawo, na sake fita.

Yau da safe aka yi suna. Ina cikin ɗaki tare da mata sai wanzami ya ɗaga murya daga zaure. Kunnena ya yi nauyi, na ce a maimaita mini. Uwar Zalika ce da kanta ta sunkuyo ta faɗa mini a kunne, Hamsatu. Mata suka yi guɗa, ni na rufe fuska da mayafi.

Da la'asar muka koma ni da Isufu, da ɗan giginya mai ƙwallo uku da na zaɓa tun shekaranjiya. Shi ya yi tonon, ni na sa cibiyar, na yi bisimilla kamar yadda Inna ke yi. Ƙasar a bushe take ƙamas, hadari ya sake haɗuwa a gabas, ko zai zo ko ba zai zo ba, oho. Ganye ba zai leƙo ba sai baɗi, 'ya'ya kuwa sai jaririyar ta yi nata. Na ce masa ya saro ƙaya ya kewaye wurin da kyau, saboda awaki, da kuma mugun dawa.

Ya yi dariya yana kaɗe hannu. "Kaka, ina kika ga mugun dawa yanzu? Sun ƙare ƙasar ga tun ban zo duniya ba."

Na ce, "Akwai sauran guda, ta tsufa dai. Sa ƙayar."